Tukunyar da aka saya domina

Shekara uku muna aiki ɗaki ɗaya a jami'a a Lyon, ni da wata 'yar China, ban taɓa sa abincinta a bakina ba. Kullum da azahar sai ta buɗe kwanonta ta turo mini, in ce na ƙoshi. Naman alade nake tsoro, kuma ina jin nauyin tambaya. A hankali ta daina turowa, har ta daina zama kusa da ni. Na san na ɓata mata rai, abin yana damuna, amma na kasa gyarawa.

Sai aka tura mu taro garinsu, Xi'an. Da aka gama ta ce yau yawo za mu. Muka hau ganuwar birnin, mai faɗi kamar titi, muka yi hayar kekuna. Rabona da keke tun Maraɗi, na yi ta tangaɗi tana dariya. Daga nan ta kai ni wani tsohon masallaci mai itatuwa a tsakar gida. Ba don na ga masu alwala ba, da na rantse fada ce. Ta riƙe mini jaka har na idar da la'asar.

Bayan masallacin lungun masu abinci ne, maza da farar hula, ga ƙamshin tsire kamar bakin tasharmu. Muka shiga wani gidan abinci, aka ba kowa kwano da gurasa biyu masu tauri. Ka'idar gidan, kai za ka gutsuttsura da hannunka, sannan a zuba romon rago. Ni sarkin sauri na yaga tawa gida huɗu, yadda nake yi wa burodi a unguwarmu Vénissieux, na miƙa. Tsoho mai dafuwa ya leƙa, ya girgiza kai, ya mayar mini. Wai sai ta koma kamar ƙwayar wake.

Aikin rabin awa ne, dole a yi hira. Idonta na kan kwanonta ta ce mini da Faransanci:

"Na nan dai za ki ci, ko?"

Na ce, "Sosai ma."

Ta ce, "Kakata a bayan lungun nan take, maƙwabtanta duk Musulmi ne. Tun ina ƙarama na san abin da ba ku ci. Watan da kika zo na sayi sabuwar tukunya. Nama kuma wajen mahaucin unguwarku nake saya, duk Asabar nake shiga jirgin metro har can."

"Don me ba ki faɗa mini ba?"

"Kin ce kin ƙoshi."

Kunya ta rufe ni, kamar in nutse. Aka zuba mana romon, ya yi daɗi.

Ran Litinin ɗin da muka koma aiki ban zo da abinci ba. Na jawo kujera kusa da ita, na ajiye cokali kawai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta turo kwanon.

Ta ce, "Ci. Ban taɓa canza tukunyar ba."