Baba Tsumma, Mai Gadin Igiyar Bokitai

Kafin kowa ya kunna inji a masana'antar niƙan hatsi, Baba Tsumma ya riga ya hau tsani. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da igiyar ƙarfen da ke jan bokitan hatsi daga ƙasa zuwa saman rumbu. Yakan naɗe farin ƙyalle a hannu, ya bi igiyar a hankali yana shafawa. Duk inda silin waya ya karye, sai ya kama zaren ƙyallen. Daga nan abokan aiki suka laƙaba masa sunan, har suna tsokanarsa wai matarsa ɓoye zanin gado take yi in ya dawo gida.

Wata safiya igiyar ba ta kama zare ba, amma ƙyallen ya fito da jan gari. Motoci sun yi layi a ƙofa, manaja sai duba agogo yake yi. Baba ya ce ba za a kunna ba, tsatsa ce ke cin igiyar daga ciki. Manaja ya ce ai ga ta nan tana sheƙi da man giris, kuma ba a daɗe da sa ta ba.

"Ranka ya daɗe, mata biyu ke shara a ƙarƙashin bokitan nan kullum," in ji Baba. "In dai sai an kunna, to ni zan tsaya a wurinsu."

Ya kuwa je ya tsaya. Aka sauke igiyar ana ta gunaguni. Da aka yanka ta, sai ga cikinta yana marmashewa a yatsa. Manaja kujera kawai ya nema ya zauna.

Kai ne, Baba, ka koya mana kada a cika bokiti fiye da kima, a goge tsohon giris kafin a shafa sabo, a duba wilin sama ko ya karkace yana cin igiya gefe ɗaya. Mai taurin kai a kan gaskiya, wallahi za mu yi kewarka.

A wannan makon ka ajiye aiki da yatsunka goma, ba ka taɓa kai mummunan labari gidan kowa ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu riƙe da injuna, in kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku kashe injin. Motoci za su iya jira, matan nan biyu kuwa har yau suna komawa gida wurin 'ya'yansu.