Shiomi Genzo, Beyar Arewa, da Mai Kama da Shi a Cikin Na'ura

Haihuwa da Tasowa

An haifi Shiomi Genzo ranar tara ga watan Fabrairu na shekarar 1951 a garin Hachinohe da ke bakin teku a arewacin Japan. Mahaifinsa, Shiomi Kihachi, masunci ne da kan shafe wata guda a kan ruwa kafin ya waiwayi gida, mahaifiyarsa Tome kuwa shanyar kifi take yi a tashar jiragen ruwa. Shi ne na huɗu a cikin 'ya'ya bakwai. Tun yana ɗan shekara goma sha uku ya kere malaminsa tsawo, amma duk girman nan Allah bai haɗa masa da kwanciyar hankali ba. Mutum ne mai yawan fargaba, wanda idan aka yi shiru a ɗaki sai ya ɗauka shi ya yi laifi.

Ya kammala ƙaramar sakandare a shekarar 1966 da sakamakon da ba a yi shelarsa ba. A wannan shekarar aka kai shi gidan 'yan sumo, kokawar gargajiyar Japan ta ƙatti, a Tokyo, inda ya yi shekara biyar yana dafa abinci yana cuɗa bayan manya a wurin wanka, har gwiwarsa ta hagu ta ba shi matsala aka sallame shi.

Shiga Sana'a

A watan Afrilu na 1971 ya shiga wata ƙungiyar kokawar dandali a Osaka, irin wadda ake yi a tsakanin igiyoyi mutane na biyan kuɗi suna kallo. A nan ya haɗu da Udagawa Masakichi, wanda ya girme shi da shekara uku, siriri mai farin jini da kaifin baki. Masakichi ne ya koya masa yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, kuma shi ya buɗe masa sirrin sana'ar, wato cewa an riga an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma wanda ake ɗagawa sama ya damƙa wuyansa ne amana a hannun mai ɗaga shi. An ruwaito cewa a ranar farko ya ce masa, “Kai ɗan masunta, ni ba buhun kifi ba ne. Ka matsa min ƙugu sau biyu kafin ka jefa ni, in san zan sunkuyar da kai.”

Ka'idar ƙungiyar a wancan zamani mai tsanani ce. Ba a faɗa wa kowa sirrin, ko da matar aure ce, kuma waɗanda ake nuna wa jama'a a matsayin abokan gaba haramun ne a gan su tare a mota ko gidan abinci. Aka mayar da Genzo mugu, aka aske masa rabin kai, aka sa masa baƙin wando da suna Beyar Arewa, beyar kuwa ƙatuwar dabbar daji ce mai gashi ta ƙasashen sanyi. Masakichi kuwa ya zama Farin Shaho, gwarzon yara da mata. Shekara goma sha shida suna zagin juna a jaridu, alhali idan sun sauka a wani gari sukan zaga ta ƙofar baya su sha romo a kwano ɗaya.

Aure da Iyali

A shekarar 1978 ya auri Fumie, 'yar wani mai gyaran keke a Sakai, kusa da Osaka. Allah ya ba su Kanae a 1980, Takumi a 1983, da Chizuru a 1986. Fumie ba ta taɓa zuwa kallon mijinta ba, shi ma bai taɓa gayyatarta ba.

Ranar Lahadi, 14 ga Yuni, 1987

Da la'asar ɗin wannan rana, a zauren wasanni na wani gari kusa da Kobe, Genzo ya ɗaga Masakichi domin jifar da ta yi masa suna, wadda ake kifa mutum ta kai. Sun yi ta sau ɗaruruwa. A wannan karon gumi ya sa hannunsa ya zame bayan matsa ta farko, ta biyun ba ta samu ba, Masakichi ya sauka a kan wuya. Aka fitar da shi a kan gadon marasa lafiya, jama'a na jifan Genzo da ƙananan katifun da suke zama a kai. Likitoci suka tabbatar cewa daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, hannayensa kuma ba za su dawo daidai ba.

Washegari shugaban ƙungiyar ya shaida wa 'yan jarida cewa da gangan Beyar Arewa ya yi, domin a ce kuskure ne tamkar amincewa ne da cewa wasan shiri ne. Da Genzo ya nemi izinin zuwa asibiti, shugaban ya ce, “Ka je a ɗauke ka hoto kana kuka a kan gadonsa? Mutum arba'in ke ci a gidan nan, Genzo. Kai ka karya shi, ka zauna a haka.” Ya zauna a haka. Shekarar farko dokar ƙungiya ce ta hana shi, daga baya kuma tsoro ne, domin kullum yana jin cewa ya riga ya makara, kuma bai san da wane ido zai kalli mutumin ba. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara yin wannan jifa ba, kuma bai ƙara ba.

Fitowar Wasan

A shekarar 1991 wani ƙaramin kamfani a Tokyo ya fitar da wasan bidiyo na kokawa. Kamar yadda irin waɗannan kamfanoni suka saba a lokacin, ba su nemi izinin kowa ba, sai suka zana 'yan kokawar da aka sani suka sauya musu suna. A ciki akwai wani ƙato mai rabin aski da baƙin wando, ana kiransa Beyar Ƙanƙara, da wani siriri mai fararen kaya, Farar Mikiya. Masu zanen sun gaskata abin da jaridu suka rubuta, don haka suka ɓoye wani abu a ciki domin burge yara: idan Beyar ya yi wa Mikiya jifar nan, Mikiya ba ya tashi, sai wasu mutum biyu su shigo da gado su ɗauke shi.

Genzo ya ga wannan ne a shagon kayan lantarki a unguwar Namba ta Osaka, inda aka kunna wasan a talabijin ta taga, 'yan makaranta na tafi. Fumie ta ce ya dawo gida ranar bai cire takalmi ba ya shige har tsakar ɗaki. Tun daga nan abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kada Masakichi ya gani. Yakan kwatanta shi zaune a keken guragu, wani ya kunna masa, ya ga ana karya shi ana dariya. Ya rame, ya kamu da gyambon ciki, ya daina bin titin da ke da shagon wasanni.

Wasan ya karɓu, har aka riƙa fitar da sabo kusan kowace shekara, kuma kowane sabo ya fi na baya kama da su. A 1992 ya rubuta wa kamfanin takarda ta farko yana roƙon a cire mutanen biyu. Aka ba shi amsa cikin ladabi mai yawa cewa Beyar Ƙanƙara ƙirƙira ne, kuma duk wata kama da wani mai rai dace ne kawai. Mutum ya ga kansa da tabon girarsa a talabijin, a ce masa dace ne! Ya ci gaba da rubutawa duk shekara har tsawon shekara goma, amma bai iya faɗar hujjar da za ta yi aiki ba, domin faɗarta tona asirin sana'a ne.

Ritaya da Tona Asiri

Ya yi ritaya a 1996, aka kaɗa masa ƙararrawa sau goma bisa al'ada, ya buɗe ɗan gidan cin abinci mai kujeru goma sha biyu a Sakai. Ƙungiyar ta rushe a 1999, shugabanta ya rasu bayan shekara biyu. A watan Janairu na 2002 Genzo ya zauna ya rubuta gaskiya a shafi shida, da labarin matsa biyun, da romon ƙofar baya, ya ba Fumie ta fara karantawa. Ta ce masa, “Shekara goma sha biyar ina kwana da mutumin da na ɗauka ya karya wani da gangan, ka bar ni a haka?” Daga nan ya aika wa kamfanin wasan da rubutun. A watan Satumba kamfanin ya amsa da ban haƙuri, ya yi alkawarin cewa daga fitowa ta gaba babu Beyar babu Mikiya.

Ziyarar Wakayama

Da wannan takarda ta kamfanin a aljihu ne ya sami ƙarfin halin da ya rasa shekara goma sha biyar. Ranar ashirin ga Oktoba, 2002, ya hau jirgin ƙasa zuwa gidan kula da naƙasassu a Wakayama, da kwalin lemo a hannu, ya yi rabin sa'a a bakin ƙofa kafin ya shiga. Ya tarar da Masakichi gaban talabijin, an ɗaura masa wani allo mai manyan maɓallai a kan kekensa, yana buga su da gefen hannu. A talabijin ɗin Farar Mikiya ne ke tashi daga kan igiya. Bango cike yake da wasiƙu da zane-zane daga matasan da ba su taɓa ganinsa a dandali ba, ta wasan suka san shi.

Genzo ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Masakichi ya ce, “Tashi, ɗan masunta, ka tare min talabijin. Jirgin Osaka ne ya yi shekara sha biyar a hanya?” Genzo ya ce, “Yaya, hannuna ne ya zame.” Ya ce, “Na sani mana. Ƙuguna ne, ba na maƙwabci ba.” Sai Genzo ya fito da takardar kamfanin, ya karanta masa ita, yana zaton kyautar da ya zo da ita ke nan.

Masakichi ya ce, “Ka san duk shekara nakan ƙirga watanni ina jiran sabo? A na bara har gashina ke motsi. Nan ne kaɗai nake da ƙafafu, Genzo. Gadon nan da ya dame ka, ni dariya yake ba ni, don ana sake kunnawa na miƙe. Jifar da ka yi min wancan karon kuskure ne. Wannan kuwa shekara goma ka yi kana rubutawa.”

Shekarun Ƙarshe

Kafin mako ya zagayo ya rubuta wa kamfanin yana roƙon a mayar da su. Aka ce aiki ya yi nisa. Wasan 2003 ya fito babu su, kamfanin kansa ya rufe a 2005, ya zama fitowar 2001 ita ce ta ƙarshe da Farar Mikiya ke ciki. A kan faifai take, kuma na'urar da ke karanta shi an daina ƙera ta, idonta da ke karanta faifan kan mutu bayan 'yan shekaru. Takumi ya gwada ɗora wasan a kwamfuta, amma allon maɓallan Masakichi bai yi aiki da ita yadda hannunsa ya saba ba, ya ce a kwashe.

Daga nan fargabar Genzo ta sami sabon wurin zama. Duk ranar Talata da yake rufe gidan abinci, yakan zaga shagunan tsofaffin kaya daga Osaka har Nagoya yana neman irin na'urar. Ya koyi kwance ta da manyan yatsunsa, yana ciro ido daga wannan ya sa wa waccan. Idan waya ta yi ƙara daga Wakayama gabansa kan faɗi, ba don tsoron an yi rasuwa kaɗai ba, har da tsoron a ce hoton ya tsaya. Ranar Lahadi ta farkon kowane wata yakan je, Masakichi ya tilasta masa ɗaukar Beyar Ƙanƙara su kara. Ma'aikatan gidan sun shaida cewa a cikin shekara goma sha bakwai Genzo bai ci ko sau ɗaya ba, domin da zarar ya kama Mikiya ta ƙugu sai ya ɗauke yatsa, Masakichi na ihu, “Danna mana, matsoraci! Ƙarya ce fa!” Ko ya yafe masa al'amarin takardar, babu wanda ya ji ya faɗa, Genzo kuma bai taɓa iya tambaya ba.

Rasuwa

Shiomi Genzo ya rasu ranar goma sha biyu ga Nuwamba, 2019, a wani asibiti a Sakai, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara sittin da takwas. An ƙona gawarsa bisa al'ada bayan kwana uku, aka kai tokarsa kabarin iyayensa a Hachinohe. Masakichi bai samu halarta ba saboda nisa, ya aiko da furanni da sunan Farin Shaho.

Ya rasu ya bar matarsa Fumie da 'ya'ya uku: Kanae, ma'aikaciyar jinya a Kobe, Takumi, wanda ya gaji gidan abincin, da Chizuru, malamar firamare a Sendai, sai jikoki huɗu. Ya kuma bar na'urori goma sha ɗaya a jere a cikin kabad, kowace da takarda manne da rubutun hannunsa. Tara an rubuta musu “ta mutu”. Lokacin da aka kammala wannan tarihi Udagawa Masakichi yana nan da rai, yana da shekara saba'in da ɗaya, kuma Takumi ya riga ya kai masa ɗaya daga cikin biyun da suka rage.