Maganar da Malam Bai Ƙarasa Ba

Jiya a Gwallaga na ji wani mai keke yana ta "Kana ji na?" a waya, sai Malam, wanda ya duba aikin digirina, ya faɗo mini a rai.

A gindin wata eriyar sadarwa a Miri ya fahimtar da ni aikin. Yana ɓare ɗanyar gyaɗa, ƙasa na ƙamshin ruwa, ya ce, "Kafin waya ta aika saƙo, sai ta tura siginar da ɗaya ɓangaren ya riga ya sani, don a gane yanayin hanya. Gaisuwa ce. In ta yi yawa, ina saƙo zai samu wuri? Aikinka ka rage ta."

Ranar da ya kira ni daga asibiti, muryarsa a dushe, ya ce, "Akwai wata magana..." Ni kuwa na tare shi da ya jiki, ya Hajiya, ya yara. Layi ya katse. Washegari muka kai shi makwancinsa.

Har yau ina rage gaisuwar na'urori, ban san abin da ya so faɗa mini ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa addu'ata ta isa gare shi ba katsewa.