Ranar da Muka Zare Mirig

Gidan kakanmu ne, a wata tsohuwar unguwa ta Gadarif. Bayan rasuwar Baba muka garƙame shi muka watse. Ni ina koyarwa a babban birni, Yayana yana noman dawa a Gadambaliya, Inna kuma tana wurin ƙanwarta a Shuwak. Da zaman birni ya gagara na kwaso abin da hannuna zai iya ɗauka na dawo, Inna ta ce ita ma ta gama kwana a gidan mutane alhali nata yana nan.

Yana nan ɗin ne kawai. Ƙasar garinmu baƙa ce, da rani ta dare, da damina ta kumbura, ba ginin da take bari ya huta. Ɗakunan baya sun zube. Babban ɗakin Baba ne ya rage, shi ma rufinsa ya lotsa a tsakiya. Irin rufin dā ne: ƙaton gungume guda, wanda muke kira mirig, kwance daga bango zuwa bango, azara a kansa, sai tabarmi, sai laka mai kauri a sama.

Yaya ya kirawo wani usta, dattijon magini da ya yi wa Baba aiki tun muna ƙanana. Usta ya hau kujera, ya zaro wuƙa ya soka a mirig ɗin. Ta shige har ƙota. Da ya zare, garin itace ya biyo ta ya zubo masa a gemu.

"Gara ta gama da shi," in ji shi. "Sai a sauke rufin duka, a sa ƙarfe, a sake rufawa."

"Kwana nawa?" Yaya ya tambaya.

"In Allah ya taimaka, mako uku."

"Mako uku ba ni da su, Usta. Ruwa ya kusa sauka, shuka tana jirana. A tokare rufin da gwafa, a zare wannan, a zura ƙarfen. Kwana ɗaya."

"Ana yi, ɗana. Amma ba a kan wannan ƙasar ba, ba kuma da wannan nauyin ba."

Na ce a saurari Usta. Yaya ya juyo ya ce min ni allo da alli na sani, in bar masa gini. Inna tana bakin ƙofa tana jinmu. Usta ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce to, zai gwada, amma in ya ce a fita, kowa ya fita.

Ana saura kwana biyu a fara aikin aka yi ruwan farko, ba mai yawa ba. Da safe ina shara na ji daɓen tsakiyar ɗakin yana lotsawa a ƙarƙashin dugadugaina, daidai inda rufin ke yoyo. Na gaya wa Yaya. Ya taka wurin sau biyu, ya ce sama-sama ne.

Ranar aikin, karo, wato amalanken jaki, ya kawo ƙarfen da hantsi, jakin yana ja da ƙyar. Muka fitar da komai, muka kai wa Inna angarib ɗinta, gadonta na igiya, ƙarƙashin rakuba, rumfar da ke tsakar gida. Usta ya zo da mutum biyu, ƙarfafa. Suka kafa gwafa shida, uku a kowane gefen mirig, kowace da falle na katako a ƙasanta. Sannan suka hau fasa bangon da kan mirig ɗin ya shiga.

Kowane bugu sai ƙasa ta zubo daga sama. Ina tsaye a ƙofa da butar ruwa, ban ma san dalilin da ya sa na riƙe ta ba.

Wajen azahar aka saki kan mirig ɗin. Mutanen biyu suka ɗaura masa igiya daga waje suna ja, Usta da Yaya suna ciki suna tura shi. Ya taho kamu ɗaya, ya tsaya. Ya sake tahowa. Da ya fita rabi, rufin ya yi wata ƙara, doguwa, kamar tsohuwar ƙofa da aka tura a hankali. Kowa ya tsaya cak.

Ni na fara gani, domin ni kaɗai nake kallon ƙasa. Katakon da ke ƙarƙashin gwafar tsakiya ya nutse gefe ɗaya, laka tana fitowa ta bakinsa.

"Usta, gwafar tsakiya!"

Ya duba. Bai ɗaga murya ba. "A fita," ya ce. Ya fito yana tafiya a hankali, yana raɓar bango.

Yaya bai fito ba. Ya rungume gwafar ya sa kafaɗa, yana ƙoƙarin miƙar da ita.

"Ku miƙo min wani katako! Zan riƙe, ku miƙo!"

"Ɗana, ba mutum ke riƙe wannan ba. Fito."

"Saura kaɗan! Ku ja igiyar!"

Ba wanda ya ja. Azara ɗaya ta karye a kusurwa, dunƙulen laka ya faɗo ya tarwatse kusa da ƙafarsa. Ƙura ta cika ɗakin har ba na ganin fuskarsa, sai bayan rigarsa da ta jiƙe sharkaf. Na yunƙura zan shiga, Usta ya tare ƙofar da hannu. Ina kuka ina roƙonsa, Yaya don Allah, Yaya don Annabi. Ko waiwayowa bai yi ba.

Sai na ji muryar Inna a bayana. Ban san lokacin da ta taso ba. Yaya ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, daga "kai" sai "wancan". Ranar ta kira shi da sunansa, cikakke, sau ɗaya.

"Saki itacen nan ka zo."

Ya juyo. Ya saki. Taku huɗu ne zuwa ƙofa, na ƙirga su. Usta ya fizgo wuyan rigarsa suka faɗi tare a tsakar gida.

Rufin bai faɗo nan take ba. Muka tsaya muna kallonsa, har Yaya ya miƙe ya buɗe baki zai yi magana. Sai gwafar ta kwanta, ta bugi ta kusa da ita, rabin rufin ya rufto da ƙarar da ta fito da maƙwabta. Iskar ta watso mana ƙura har rakuba.

Da ƙurar ta lafa, Inna ta koma ta zauna a angarib ɗinta. Yaya ya je ya durƙusa a gabanta. Ba ta dube shi ba. Ta ce da ni in ba mutane ruwa su wanke ido.

Yaya bai ba Usta haƙuri da baki ba. Abin da ya yi, washegari ya riga kowa hawa bango da shebur, ya aika Gadambaliya cewa a fara shuka babu shi. Ni da Inna muka zauna a rakuba, an zagaye mana ita da tamfol, ruwa ya same mu a ciki har sau uku. Duk lokacin da hadari ya taso daga wajen Gallabat sai a ajiye aiki a ruga a lulluɓe kan bangon.

Sai da muka haura wata kafin mu shiga ɗakin. Usta ya ce bangon ba zai ƙara ɗaukar laka ba, aka yi rufin kwano. Da rana zafi yake kamar tanda, Inna ba ta shiga sai bayan la'asar. In kuwa ana ruwa, sai mun matso kusa da juna muna ɗaga murya kafin mu ji abin da ɗaya ke faɗa.