Awon Ƙwarangwal ɗin Motar Tsere

Ƙofar garejin gidan a buɗe take, duk mai wucewa yana ganinsa: dattijo siriri, tabarau ɗaure da zare a ƙeya. A gabansa akwai ƙwarangwal ɗin wata motar tsere, ba inji ba taya, an ɗora shi kan bulo. Da alama ta taɓa yin mummunan hatsari, don sabuwar walda tana ƙyalli a gefen direba.

Yana jan igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya danne da babban yatsa, ya koma ɗaya ɓangaren. Awon bai zo daidai ba. Har yanzu ƙarfen a karkace yake.

Ɗansa, magidanci, yana jingine da bango yana kaɗa makulli.

"Haba Baba, ɗan wannan? Fenti zai rufe. Ni fa zan tuƙa ta, ba kai ba."

"Ai shi ya sa," in ji dattijon, bai ko ɗago ba.

Wataƙila ɗan nasa ne ke kan kujerar direba ranar hatsarin. Dattijon ya ajiye igiyar, ya jawo injin yankan ƙarfe, ya ɗora a kan waldar da ya yi da hannunsa.