Amanar da Malam Muntaka Ya Sa a Leda

Malam Muntaka mutumin Damagaram ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana wankin motocin bas a Lyon ta ƙasar Faransa, yana zaune a hawa na tara cikin dogayen benayen unguwar Minguettes. Babu ruwansa da labaran tafiya duniyar wata. Cewa yake, wanda bai gama da cefanen gida ba ina shi ina hangen taurari. Sai Allah ya haɗa shi maƙwabtaka da wani tsohon Bafaranshe, Musyu Gaspar, wanda ba shi da zance sai wannan.

Gaspar ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiya ta masu son ƙagaggun labaran kimiyya, tun zamanin da ake yi musu kallon taɓaɓɓu. A faɗarsa, ta wasiƙa suka fara sanin juna. Daga baya suka riƙa haɗuwa sau ɗaya a shekara a ɗakin bayan wani gidan shan kofi, mutum ashirin ko talatin, a yi musu har murya ta dushe, a kaɗa ƙuri'a, a ba gwanin shekara wata ƴar tauraruwar tagulla da ɗayansu ya ƙera a garejinsa. Duk abin da aka yi, Gaspar ya buga shi da injin hannu mai shuɗiyar tawada.

Da ciwon ajali ya kwantar da tsohon, ba ɗa ba jika, Muntaka ne ke kai masa kunu. Ya damƙa masa akwati uku na takardun nan, ya roƙe shi ya nema musu gidan da za a adana su, don babu kwafinsu ko'ina. Muntaka ya ce ya ɗauki amana.

To, a Damagaram kowa ya san gatan da ake yi wa takarda mai daraja. Ta haihuwa ce, ta makaranta, ta fili, kai ta ake yi a manne ta cikin leda da inji mai zafi, ruwa da gara su nemi wani aikin. Muntaka ya sayi injin na kansa. Shekara shida, kowace Lahadi bayan la'asar, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Turai tana masa tsiya wai ko takardar aurensu ba ta ga wannan gata ba. A garin haka ya karance su kaf, har ya soma jin haushin alƙalancin wata shekara da aka danne wani mai gyaran agogo da ƙuri'a biyu, alhali kowa ya ga labarinsa ya fi. Yakan kawo zancen a bakin masallaci, a rasa me yake nufi.

Sai aka aiko cewa za a rushe benensu. Gidan da za a mai da su ɗaki biyu ne, akwati uku ba su da wuri. Ƴarsa Rufaida, da ke zaune a Sevran kusa da Paris, ta yi ta buga waya har wani gidan adana takardu a Paris ya yarda ya duba. Muntaka ya sa babbar riga, ya hau jirgin ƙasa da akwati guda, zuciyarsa fes.

Matar da ta karɓe su, shi da Rufaida, ta ji sunan ƙungiyar, ta ce sun daɗe suna neman ko shafi ɗaya. Ta buɗe akwatin, fara'arta ta ɗauke. Ta ɗaga ɗaya a haske ta nuna masa yadda zafi ya sa tawadar ta naso, gam ya shige cikin takardar. Ta ce rubutun zai ci gaba da dusashewa a cikin ledar, kuma ba a iya ɓarewa. Ta tambaya ko akwai waɗanda suka tsira.

Babu. Muntaka ba ya aikin rabi.

Ya ji Faransancin sarai, amma ya juya wajen ƴarsa kamar bai ji ba.

"Baba, ta ce ba su iya ɗauka," in ji Rufaida. "Da an bar su yadda suke, da sun amshe duka. C'est fini, shi ke nan."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Da sakaci ya yi, da ya san inda zai kai tuba. A cikin jirgin komawa ya gwada ɓare guda da farce. Takardar ta rabe biyu, rabin rubutun ya bi wannan leda, rabin ya bi waccan.

Rufaida ta zo ta ɗauki hoton waɗanda ke karantuwa, ba su kai akwati ɗaya ba. Ranar tashi, ya sauko da akwatunan da kansa, bai yarda kowa ya kama masa ba. Ya nufi kwandon sharar da aka ware wa takardu, don ko a juji ya fi son su kwanta cikin ƴan'uwansu. Mai kula da shara ya ɗauki ɗaya, ya lanƙwasa, ya mayar masa.

"Wannan ba takarda ba ce, dattijo, roba ce. Kai su wancan kwandon."

Muntaka ya kai su.