Evald mai kafa rassa a kan tafki

A ƙauyenmu na Dalarna, da tafki ya daskare, aikin Evald ne ya kafa rassan itace a jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, don masu doki da masu ƙafa su san inda ƙanƙara take da kauri. Bai taɓa tuƙa mota ba, amma in ya ji ƙarar inji sai ya bar kofinsa ya huce.

Shekarar da samarin birni suka fara zuwa tseren mota a kan tafkin da tayoyi masu ƙusoshi, shi suka roƙa ya shata musu fili. Dusar ƙanƙara ta kai ƙugu a daji, saran sababbin rassa wahala ne. Sai ya tsige na tsakiyar hanya ya zagaye filin da su, da niyyar mayarwa washegari. A ganinsa ranar tsere ba mai ƙetare tafki.

Ya manta matarsa Tekla ungozoma ce. Tun asuba aka kira ta tsallake.

Da la'asar iska ta taso da dusar ƙanƙara, ko hannunka ba ka gani. Aka tsayar da tsere. Nan wata maƙwabciya ta ce ai Tekla ta ce da ƙafa za ta dawo. Ga shi inda rassan suka yanke, kusa da bakin kogi ne, ƙanƙarar wurin ba ta ɗaukar mutum.

Evald ya je wurin direbobi, hula a hannu. Wani ya ce, "Baba, mota kake son ɗanawa ne?"

"Ku jera su inda zan nuna muku. Ku kunna fitila, kada ku kashe inji."

Suka jera. Shi yana gaba yana kiran sunanta har muryarsa ta dishe. Can sai ga ta, jaka a hannu, gira duk fari. Ƙarar injinan ce ta bi har ta iso.

Ta dubi motocin, ta dube shi. "Kai tsoho, ina rassana?"

Ta ce mace aka haifa, kuma ya riƙe mata jakar, hannunta ya mutu.

Ya ci gaba da shata filin tsere har tsufansa, sai dai kowace shekara Tekla ce take fara taka hanyar ta duba rassan kafin ya taɓa filin.